Babur Bai San Babba Ba

Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kafin mako ya zagayo litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Masu adaidaita sahu ba su jira an yi musu bayani ba. Kuɗin da a da yake kai ni wurin aiki ya dawo da ni, sai ga shi iyakarsa ya kai ni ya baro ni can. Na yi lissafi a bayan ambulan, na ga in dai ba so nake albashina ya ƙare a aljihun masu ƙafa uku ba, to sai babur. Ni kuwa ga furfura a gemu, ga 'ya'ya a sakandare, keke ma rabona da shi tun ina firamare.

Uwargida ta ba da shawarar roba-roba, tunda ba shi da kuloci, hawa kawai za ka yi ka taka giya. Amma na riga na kai maganar gaban taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya yi acaɓa tun ana yayin Jincheng har zuwa Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur cikin birnin Kano bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Tun daga nan ya koma sayar da kayan gwari, amma har gobe in babur ya wuce sai ya gaya maka ciwon da ke injinsa. Da ya ji zancen roba-roba sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Haba bawana, kai da girmanka? Ai sai Boxer." Muka je wurin dillalai ya zaɓo Boxer na hannu, na kamfanin Bajaj na Indiya, ya murɗa shi ya kasa kunne, ya ce injin nan ko kwalba ɗaya ka zuba masa sai ka manta da gidan mai. Aka sallama, na biya la'ada, ya tuƙo, ni mai babur ina baya riƙe da rasit.

Abu na farko da ya yi da muka iso gida shi ne neman sifana zai kwance madubai. Wai mai kallon baya ba ya gaba. Da ƙyar na ceci na hagu.

Na zaɓi Asabar bayan sallar asuba, a filin wata firamare da ke bayan unguwarmu, don kada kowa ya gani. Ban san wanda yake yi wa yaran unguwa shela ba. Kafin mu gama kafe babur sun cika katanga, har da mai goye da ƙaninsa.

Taubashi ya fara karatu. Hannun dama shi ke da totur da birkin gaba. Hannun hagu kuloci. Ƙafar hagu giya, ƙafar dama birkin baya. Wato gaɓoɓi huɗu, kowacce da aikinta daban, kuma a lokaci ɗaya ake so su yi. Ni da in ina shan shayi aka yi mini magana sai na ajiye kofi.

"Matse kuloci. Taka giya. Yawwa. To, saki a hankali kana ba shi wuta kaɗan-kaɗan."

Na saki. Babur ya yi tari ɗaya ya mutu. Na buga kik, na sake saki, ya sake mutuwa. Haka muka yi ta yi har rana ta fara leƙowa, cinyata ta dama ta fara rawa. Wani yaro daga kan katanga, wanda bai fi sa'an autana ba, ya ce, "Baba, wuta za ka ƙara masa!" Na ji haushin a ce yaro ne zai koya mini, sai na ƙara masa wutar da gaske, na kuma saki kulocin gaba ɗaya.

Ga abin da ba wanda ya gaya mini. In babur ya zabura, jikinka baya yake yi. In jikinka ya yi baya, sai ka ƙanƙame kan babur don kada ka faɗi. Hannun da ka ƙanƙame da shi kuwa shi ne a kan totur, kuma jan da kake yi baya, wuta kake ƙarawa. Iyakar tsoronka, iyakar gudunsa. Na tsinci kaina ina zagaya filin ƙwallo a giya ta ɗaya, inji yana kururuwa kamar akuyar da aka ɗaure ranar kasuwa, ƙafafuna biyu suna jan ƙasa, silifas ɗaya ya riga ya yi nasa wuri.

Sai a lokacin na tuna cewa duk karatun da aka yi mini na tashi ne. Ba a zo babin tsayawa ba.

Taubashi yana tsakiyar fili yana ɗaga murya, amma duk zagaye kalma ɗaya nake tsinta. Na wuce na ji "matse". Na dawo na ji "ba wannan ba". Yara kuwa sun rabu gida biyu, masu cewa birki da masu cewa in diro. Na yi tunanin in bar shi har mai ya ƙare, sai na tuna kwalba guda muka saya wurin ɗan bumburutu, na kuma tuna abin da aka ce wannan inji yana yi da kwalba guda. Rashin shan man da na sayi babur ɗin dominsa, shi ne zai sa in kai azahar ina zagaye.

A gefen filin akwai tarin yashin masu buga bulo. Da na ga mun nufe shi ni da babur, hannuna ya laluba ya samu wani abu ya damƙe da ƙarfi. Birkin gaba ne. Tayar gaba in ta kafe a kan rairayi, ba shawara take yi da kowa ba. Babur ya kwanta dama, na kwanta tare da shi, salansa ta sami ƙwaurina ta zauna.

Duk wanda ya taɓa hulɗa da babur a ƙasar nan ya san wannan tambarin, zagayayye, a ƙwaurin dama. Taubashi ya ɗage wandonsa ya nuna mini nasa, ya ce yanzu na shiga sahu. Kafin mu kai gida an rubuta mini magani kala-kala: mai shayi ya ce man goge baki, mai faci ya ce baƙin mai, wata tsohuwa ta ce ɗanyen ƙwai. Allah ya taimake ni maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta kore su duka, ta sa aka yi ta kwarara wa wurin ruwa mai sanyi na kusan minti 20, sannan ta rufe da bandeji. Uwargida ba ta ce komai ba. Sai da dare, tana miƙo mini tuwo, ta ce, "Roba-roba dai an rufe salansarsa."

Na sayi hular kwano. Taubashi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba ni labarin farkon 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa ta, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da bokitin fenti a ka suna ɗaurewa da igiya. Na ce ya yi ta dariya, kan nawa ne. Matsalar da ta rage ita ce inda zan sa zanna bukar ɗina, don in ka cusa ta a aljihu ta tashi daga aiki. Yanzu a leda nake rataye ta a madubin nan da na ceta.

Da ƙafa ta warke, hannu ya ɗan faɗa, har ina kai giya ta uku a layinmu, sai na ga lokaci ya yi da zan je gaida surukaina a kan abin hawana. Ranar Juma'a ce bayan an sauko. Na sa babbar riga, na tattare ta na cusa a ƙarƙashin cinya kamar yadda aka gargaɗe ni, don kada sarƙa ta ja ta. Tafiya ta yi kyau. Na ba da hannu inda ya kamata, na yi oda inda bai kamata ba, har wani mai kura ya ce mini sannu da ƙoƙari.

Na shawo kwanar gidan, sai ga Baba a ƙofar gida kan tabarma, shi da dattawan majalisarsa. Na rage wuta, na matse kuloci, na taka birki, na tsaya cak a gabansu. Tsayawar da ban taɓa yin mai kyanta ba. Babur yana giya, inji yana aiki, hannun hagu yana riƙe da kuloci.

To, ɗan Bahaushe ba ya ganin surukinsa ya tsaya ƙerere. Tarbiyya ta riga tunani. Na ɗaga hannu biyu na dunƙule, na ce, "Barka da Juma'a, Ba..."

Sauran gaisuwar a cikin zaure na ƙarasa ta. Babur ya bi ta tsakanin butoci da takalman dattawa, ya haura dokin ƙofa, ya tarar da buhunan masara da aka jingine, ya mutu a nan. Hular kwano ta zamo ta rufe mini ido. Ina jin salati a waje, da ƙarar wata buta tana gangarawa.

Baba ya shigo a hankali, yana dogara sanda. Ya duba buhunansa, ya duba babur, sannan ya dube ni.

"Malam, lafiya dai ko? Ba ka ji ciwo ba?"

"Lafiya lau, Baba. Allah ya kiyaye."

"To madalla. Ai da ka bari an yi maka iso." Ya juya zai fita, sai ya tsaya. "In ita 'yar tawa za ta zo, a sa ta a adaidaita. Ni zan biya."