Inji Mai Alƙalancin Rawa

A 1998 kamfanin Konami na Japan ya fito da Dance Dance Revolution. Ka zuba kuɗi, ka hau faranti mai kibiyoyi huɗu, ka yi ta tattaka su har gumi ya jiƙa ka sharkaf, sannan inji ya ba ka maki. A Zongon Kumasi, in ka iya taka rawa a gidan biki, kai ake yi wa liƙi. Su can mai rawar ne ke biya.

Da wasan Just Dance ya fito a 2009 a kan na'urar Wii, ashe hannun da ke riƙe da rimot kaɗai na'urar ke ji. Sai ka ga saurayin Aboabo ya dage da azonto har ƙugunsa na ƙara, kakarsa kuwa tana kan tabarma tana kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda daga kan waakye, kuma ita ta ci.

Kinect na Microsoft ya biyo baya a 2010 da kyamara mai bin gaɓoɓin jiki. Babbar riga ce ajalinsa. Alhaji ya tsaya gabansa cikin malum-malum, ya ɗan girgiza kafaɗa. Inji ya nemi gwiwa ya rasa, ya nemi hannu ya rasa.

"Kai yaro, me ya ce?"

"Baba, wai bai ga kowa ba."

"Madalla. Kai ma in liman ya tambaya, ba ka ga kowa ba."