Masu Sayen But a Layin 'Yan Gwanjo

Yawancin takalman but na fata da ake zubewa a Ƙofar Wambai ta Kano ko Kasuwar Barci ta Kaduna, don ƙasashen da ƙanƙara ke zuba aka ɗinka su. Wani ya taka abinsa a Ingila ko Amurka har ya gaji, ya ba da shi sadaka, aka cusa a buhu, jirgin ruwa ya sauke shi a Kwatano, ya shigo ta inda ake shigowa. Ranar da aka fasa buhu kuwa, in ka sami benci kusa da rumfar, ka sami kallo kyauta.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne malamin fata. Ba ya taya kaya sai ya gama bincike. Zai shinshina, ya danna da farce, ya lakato yawu ya shafa ya ga ko za ta sha. In mai kaya ya juya baya, sai ya ƙyasta ashana a gefen harshen takalmin. Gaskiyarsa ce ta wani fannin: fata ta gaske tana tsotse ruwa a hankali, ta roba kuwa sai ya zauna a kanta, in ta ji wuta ta narke. Inda Malam yake faɗuwa shi ne bai taɓa kifa takalmin ya duba ƙasansa ba. Akwai wata irin roba mai laushi da ake yin ƙasan but da ita, musamman na ma'aikata mai ƙarfe a baki, wadda in ta daɗe a ajiye cikin danshi take ruɓewa ta ciki alhali fuskarta fes. Sai ranar ɗaurin aure, yana tafe yana ƙasaita, yara na bin sawunsa suna tsintar gutsattsarin dunduniya. Saman dai fata ce zalla, ba wanda ya isa ya musa masa.

Sai mai sayen tarihi. Shi da zarar an ce masa, "Yallaɓai, wannan sojan Amurka ne ya sa shi," ciniki ya ƙare. Ba ya tambayar yadda aka yi mai rumfa ya san sojan. In ya ga tambarin Timberland ko Caterpillar, ko da harafi ɗaya ya ɓata a rubutun, zai biya bai nemi ragi ba.

Akwai kuma wanda lamba ba ta dame shi ba. Ƙafarsa 42, takalmin 45, amma ya riga ya shiga ransa. Mai kaya kuwa yana da fatawa biyu a aljihu. In ya matse: "Fata ce, Alhaji, za ta saki." In ya yi yawa: "Ai da safa biyu ake sa shi." A haka za ka gan shi cikin zafin watan Afrilu da safa biyu da tsohuwar jarida a bakin takalmi, yana tafiya ƙafa na isa kafin dunduniya ta biyo.

Mai kushe ba ya buƙatar dogon bayani. Ya ce ɗinkin ya saki, launin ya koɗe, ko kyauta ba ya so. An ce masa albarka, ya tafi. Yana bayan rumfa yana leƙe kada wani ya ɗauka.

Wanda nake tausaya wa shi ne mai cewa ƙaninsa ne ya aiko masa daga Landan. Unguwa ɗaya suke da mai rumfar, kuma sahu ɗaya suke sallar Juma'a.

To, saye daban, wanki daban, kuma a wajen wankin ne ake kashe takalma. Mai tsafta ya ji warin gwanjo, ya tuna bai san ƙafar da ta fita daga ciki ba. Sai ya cika baho da ruwa, ya zazzaga Omo, ya jiƙa but ya kwana, da safe ya dirje da soso, ya ɗora a kan kwanon ɗaki rana ta yi aikinta. Da la'asar ya sauko da abu ya ƙandare kamar kilishi, baki ya ɗaga sama. Sabulun ya kwashe maiƙon fatar, rana ta ƙarasa sauran. Abokinsa mai man kaɗanya shi kuma ya ji an ce fata na son mai, ya laɓta rabin gwangwani, ya fita cikin hunturu. Kafin ya kai bakin titi ƙurar unguwar duka ta manne masa. Na ukunsu ya sayi Timberland ruwan ƙasa mai laushin gashi, ya murza masa baƙin Kiwi, wai don ya yi ƙyalli.

Dukansu a gaban shushaina suke ƙarewa. Shi kuwa ba ya gaggawa. Zai zare igiya, ya kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi, ya goge da tsumma mai ɗan danshi, ya cusa takarda a ciki, ya ajiye a inuwa. Sai ya bushe sannan ya shafa mai kaɗan da ɗan yatsa, ya bar shi ya sha, ya bi da Kiwi mai launin fatar. Na kan kwanon ɗaki kuwa, juya shi yake yi sau biyu ya ce, "Maigida, wannan sai dai haƙuri."

Saura wanda ya yi dace: fata mai kyau, ƙasa lafiya, lamba daidai, dogo har ƙwauri, igiya ta ratsa huda goma-goma. Shi matsalarsa alwala. Ladan ya tayar da iƙama shi kuwa yana kwance ƙafar dama, liman ya yi ruku'u yana fama da ta hagu. In ya shiga sahu kuma, rabin hankalinsa na bakin ƙofa, don ya san but irin wannan ba ya daɗewa a cikin silifas. Yanzu da leda yake zuwa masallaci.