Sannunku da Ƙoƙari, Masu Koyar da Shaƙatawa

Madalla da wanda ya kawo shawarar a buɗe kwas ɗin shaƙatawa da yawon buɗe ido a kwalejojinmu na kimiyya da fasaha. Allah Ya saka masa. Yaro zai shekara biyu ya karɓi ƙaramar difloma, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya dawo ya ƙara biyu ya karɓi babbar difloma, sannan ya sa kaki ya tafi bautar ƙasa. Shekara shida cur, duk don ya iya hutar da jama'a. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda tun 1977 take kula da irin waɗannan makarantu, ta amince da manhaja, malamai sun koyar, iyaye sun sayar da hatsi da awaki sun biya. Kowa ya sauke nauyinsa.

Hikimar da ta fi burge ni ita ce yadda aka sauƙaƙa wa yaran aiki tun kafin su fito. Audu Bako, gwamnan Kano na farko, ya gina otel a bakin tafkin Bagauda, ya gina wani a kan dutse a Tiga, ya kafa gidan zu. Na Bagauda an mayar da shi makarantar horar da lauyoyi. Na Tiga ya shafe shekaru a kulle, jemagu na kwana kyauta a ɗakunan da aka gina domin baƙi. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama na tarayya a 1999, an bar wa 'yan bindiga su yi gadinsa, kuma sun riƙe amana: babu baƙon da ya isa ya leƙa. Bikin kamun kifi na Argungu, mai tarihi tun 1934, an ba shi hutun shekara goma kafin ya dawo a 2020, kuma yana cikin hutun nan UNESCO ta sa shi a jerin kayan gadon duniya. Ina aka taɓa ganin gata irin wannan? An koya maka kiwo, an kuma ɗauke maka wahalar garke.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka ci wannan moriya. Aikin bincikensa na shekarar ƙarshe a kan madatsar ruwan Tiga ya yi shi. Da idona na ga kundin, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinare. Ya zana inda kwale-kwale zai tsaya, inda za a sa rumfunan masu gasa kifi, inda mata da yara za su zauna nesa da zurfi, har da ɗan masallaci a gefe. Ya ƙirga mutanen ƙauyukan kewaye da za su ci abinci a wurin. Malaminsa ya yaba, ya ba shi maki mai tsoka.

Yau yana zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa, da na'urar POS a cinyarsa. Ran nan na tsaya cire kuɗi, ya ce, "Kawu, sai dai ka ɗan jira, sabis ya ɗauke." Muka zauna muna kallon ƙura. Na tambaye shi takardar diflomarsa, ya ce tana ƙasan akwatin Umma, cikin leda, don kada gara ta ci.

Kada a manta da 'yan majalisar tarayya, su ma sun cancanci jinjina. A 2021 sun zartar da ƙudirin hana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen aiki. Ƙudirin ma ya samu nasa rabon na shaƙatawa, domin har gwamnatin wancan lokacin ta sauka ba a sa masa hannu ba.

Yankari tana nan, ruwan Wikki na nan da ɗuminsa dare da rana, sauran giwayen na zagaye a daji. Ɗan ƙanwar tawa ya san nisanta daga garin Bauchi, ya san watannin rani da aka fi ganin namun daji a bakin kogin Gaji, ya rubuta duka a jarrabawa ya ci. Bai taɓa taka wurin ba, saboda kuɗin mota. Da sabis ya dawo ya ƙirgo mini kuɗina, ya ce in bar ladan cirewar, ai ni kawunsa ne.