Hatsin Tsuntsu, Rabon Kurege

Kallon tsuntsaye sana'a ce da ba ta kawo ko sisi, amma a birnin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa tana da mabiya. Kakarta takan buɗe a tsakiyar Fabrairu, ta yi ƙarfi a Maris da Afrilu, lokacin da sanyi ke tattara komatsansa, itatuwa na toho, tsuntsayen da suka yi gum duk hunturu suna buɗe maƙogwaro. Kayan aikinta kaɗan ne: tabaron hangen nesa, ɗan littafi ko waya, sai haƙuri. Masu yin ta kashi biyu ne. Akwai masu fita lambuna da bakin tafki, akwai masu zama gida su jawo tsuntsu da abinci. Kashi na biyu sun fi yawa, sun kuma fi shan wuya.

Abin yana da asali a garin. A 1902 wani malami, T. Gilbert Pearson, wanda ya yi karatu a Kwalejin Guilford, yana kuma koyarwa a makarantar horon malamai mata da daga baya ta zama reshen Greensboro na Jami'ar Karolina ta Arewa, ya kafa ƙungiyar Audubon ta jihar. A wancan zamanin ana karkashe tsuntsaye don a ƙawata hulunan mata da gashinsu. A 1903 majalisar jihar ta ba ƙungiyar ikon tsare dokokin farauta, a 1918 kuma gwamnatin Amurka ta kafa dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda ta haramta kashe mafi yawan tsuntsayen ƙasar, ko kama su, ko taɓa ƙwansu, kai har ajiye gashin da aka tsinta a ƙasa. A 1943 jihar ta zaɓi kadinal, jan tsuntsu mai tukku, ya zama tsuntsunta. A 1969 ta zaɓi kurege mai ruwan toka ya zama dabbarta. Duk wanda ya taɓa rataya hatsi a bayan gida ya san a wannan shekarar ce hukuma ta naɗa wa ɓarawo rawani.

Greensboro, mai mutum kusan 299,000 a ƙidayar 2020, gari ne da mutanen Nijar da na Najeriya suka zauna a ciki, saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami Bahaushe cikin sababbin shiga wannan harka. Irin wannan mutum ya taso ne a Maradi ko Katsina, inda tsakanin mutum da tsuntsu ba ɓoye-ɓoye: yaro na da danƙo, manomi na da gwangwani yana korar jan baki daga gonar gero. A shekarunsa na farko a Amurka kallon marasa aikin yi yake wa maƙwabtan da ke tsaye a taga da tabarau. Ciwon yakan kama shi ne wata safiya ta Maris, idan ya ga namijin kadinal jajawur a kan busasshen reshe yana rera waƙa. Kafin mako ya zagayo ya sayo mazubi, wato 'yar gorar roba mai huji-huji da ake ratayewa, da buhun abincin tsuntsu mafi araha a kanti.

Da ya kwance bakin buhun zai ga abin da ya sani: gero da dawa. Geron wani iri ne, fari, ƙanana, ba na fura ba. Dawar kuwa ja ce, kuma masu haɗa buhu mai araha suna zuba ta ne don cika mudu. Abin da tsuntsayen yankin suka fi so shi ne baƙar ƙwayar sanfulawa mai maiƙo. Ita suke tsincewa, su sa baki su watsar da dawar ƙasa. A wannan mataki ne sabon shiga kan yi kuskuren ba da labari a waya.

"Ɗan nan, kuɗi ka sa ka sayi dawa ka ba tsuntsu? Tsuntsu mai tashi?"

"Inna, ai sadaka ce."

"To, Allah ya karɓa. Ka kira ƙaninka, buhunsu ya ƙare tun watan jiya."

Kwana biyun farko mazubi na rataye ba wanda ya kula shi. Daga nan sai baƙi su fara zuwa: cikadi mai baƙar hula, wanda yakan ɗauki ƙwaya ɗaya ya tafi reshe ya fasa, titmos mai tukkun toka, kurciya, wadda ba ta hawa, sai dai ta yi kiwo a ƙasa, da junko, baƙon hunturu da ke shirin komawa arewa. Mai gida yakan ɗauka ya gama. A rana ta uku kurege zai iso.

Kuregen Greensboro ba na rami ba ne irin na gonar gyaɗa, mahayin itace ne. Ƙafafunsa na baya suna juyawa ta yadda zai sauko daga bishiya da kai a ƙasa, ko ya maƙale da su ya yi reto, hannuwansa biyu suna aiki a cikin mazubi. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro, don haka gaigayar roba a wurinsa gyaran baki ne. Abin da tsuntsaye za su ci a mako yakan share shi tsakanin hantsi da azahar, wanda ya rage ya binne a cikin tukwanen furen uwargida. Ba ya gudu idan an buga taga. Yakan ɗago kai ya dubi mai bugun, ya ci gaba da tauna.

Masana harkar suna da ƙa'ida mai lamba uku: mazubi ya yi ƙafa 5 daga ƙasa, ƙafa 7 daga katanga ko gindin itace, ƙafa 9 daga duk reshen da ke samansa, a kuma sa wa sandar da ke ɗauke da shi wani faifan ƙarfe mai siffar mazurari da zai tare mai hawa. Ƙa'idar tana aiki. Matsalarta ita ce Greensboro gari ne mai itatuwa, kuma a yawancin bayan gidaje babu wurin da ya cika sharuɗɗan uku sai tsakiyar inda ake ajiye mota. Sabon shiga kan tsallake ƙa'idar ya bi dabararsa. Yakan shafa wa sandar man gyaɗa, abin da masana suka hana domin yana ɓata gashin tsuntsu; kurege ya lashe man, ya hau. Yakan rataya mazubin a tsakiyar igiyar shanya. Kurege ya bi igiyar ta ƙasa, ciki a sama. Yakan fito da tsintsiya cikin jallabiya yana "kai! kai!", maƙwabciya ta ɗago hannu daga nata lambun ta gaishe shi da fara'a, don ita ma ta bi ta wannan hanya shekaru da suka wuce.

Daga nan sai zancen barkono. Gaskiya ne sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya damun tsuntsu, yana damun dabba mai shayarwa, shi ya sa kantuna ke sayar da hatsin da aka riga aka cakuɗa da shi. Bahaushe da ya ji wannan yakan ji an zo fagensa. Ba zai sayi na kanti ba alhali akwai yajin tsire da aka aiko daga gida a cikin kabad. Abu biyu yakan manta. Na farko, Maris watan iska ne, kuma mai barbaɗa yaji a tsakar gida shi ne dabba mai shayarwa mafi kusa. Na biyu, yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Ƙarshen gwajin shi ne mai gida a bakin famfo yana wanke ido, uwargida na tambayar "Malam, ina yajina?", kurege kuwa ya gayyato 'yan'uwansa biyu.

Idan aka yi sa'a aka shawo kan kurege, tsuntsaye suka taru, taron yakan jawo wani baƙo. Shahon da ake kira na Cooper ya saba da unguwanni, abincinsa kuma tsuntsaye ne masu matsakaicin girma, kurciya a sahun gaba. Alamar zuwansa ita ce shiru: tsakar gida ta yi fayau cikin ƙiftawar ido, sai gashi na saukowa. Shawarar da ake bayarwa ita ce a sauke mazubi na wasu kwanaki har ya sauya unguwa. Jifansa laifi ne a ƙarƙashin dokar 1918.

Da dare wasu ma'aikatan ke karɓar aiki. Rakun, mai baƙin zane a ido da yatsu masu iya buɗe murfi, yakan sauke mazubin gaba ɗaya ya ja shi ƙarƙashin dakali. Barewa mai farar wutsiya tana tsallake katanga ta cinye tohon furen tulif da ganyen salak da aka dasa, zomo ya ƙarasa. Sai ofosam, dabba mai jakar goyo a ciki da haƙora 50, wadda duk Bahaushen da ya haska ta da tocila zai rantse gafiya ce ta yi ƙiba. Idan ta tsorata takan faɗi ta sandare, baki a buɗe. An sha samun mai gida ya tafi neman shebur don ya binne gawa, ya dawo ya tarar gawar ta kama gabanta.

Mujiya tana da nata babi. Irin mai zane-zane a ƙirji tana zaune a dazuzzukan bakin rafi na cikin gari, kuma ƙarshen hunturu ne lokacin aurenta da ƙwanta, lokacin da namiji da mace ke amsa wa juna da wani kuka mai kama da ƙyaƙyatawar mahaukaci. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo a Maris, saboda haka masu tashi sahur sun ji wannan kuka da kunnensu, wasu har sun ƙara addu'a a kan wadda suka saba. Washegari maƙwabci zai tare mutum da murna ya tambaye shi ko ya ji mujiyar jiya, ya ce unguwar ta yi sa'a. Amsar da ta dace ita ce murmushi.

Mafi ƙarfin hali cikin duka shi ne ren na Karolina, ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai ɗaga wutsiya, wanda muryarsa ta fi jikinsa nesa ba kusa ba. Ba ya son sheƙa a reshe. Yakan zaɓi tukunyar fure, aljihun rigar da aka rataya a gareji, murhun gashin nama, ko takalmi. Da zarar an yi ƙwai doka ta shiga tsakani: kwanci kusan mako biyu, renon 'ya'ya kusan wasu biyun. Wanda ya ajiye takalmin Sallarsa a gareji a tsakiyar Maris yana iya zuwa idi da silifa.

Wanda gida ya gundura yakan fita. Wurin da aka fi kai sabon shiga shi ne Bog Garden, wani fadama a cikin gari da aka shimfiɗa wa gadar katako, inda ake ganin agwagin ruwa, zalɓe, da mujiya tana barci idan an dace. Akwai tafkunan Brandt, Townsend da Higgins a arewacin gari, waɗanda suke ba birnin ruwan sha, da filin yaƙin Guilford Courthouse, inda sojojin Janar Nathanael Greene suka gwabza da na Ingila ranar 15 ga Maris 1781. Daga sunan Greene garin ya sami nasa. Ƙa'idar fita ita ce a yi shiru, a sa tufafi marasa ɗaukar ido. Farar shadda mai sitaci ta karya duka biyun. A gefen tafki kuma akwai dinyar Kanada, wadda a Maris da Afrilu take gadin sheƙa, ta miƙe wuya tana huci ta bi duk wanda ya matso. Ita kaɗai ce tsuntsuwar da ba a bukatar tabarau don a gan ta da kyau.

Waya ta sauƙaƙa wasu abubuwan. Akwai manhajar da ke sauraren kuka ta faɗi sunan mai shi, akwai kuma rumbun eBird na Jami'ar Cornell, da aka buɗe a 2002, inda kowa ke shigar da abin da ya gani. Sai dai a kusan kowace unguwa akwai tsuntsu mai kwaikwayo, ruwan toka mai farin tabo a fiffike, wanda ke jera kukan wasu tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci har tsakar dare. Sabon shiga kan dawo gida da dogon jerin sunaye a waya yana alfahari, alhali duka daga bakin tsuntsu ɗaya suka fito, a kan falwayar ƙofar gidansa.

Zuwa ƙarshen Maris garin furen itatuwa yakan rufe motoci da rawaya, atishawa ta hana kowa laɓewa. Cikin Afrilu junko ya tafi, tsattsewa ta dawo cikin bututun hayaƙi, sai kuma ɗan mitsitsin tsuntsu mai shan zaƙin fure, mai jan maƙogwaro, wanda nauyinsa bai fi giram 3 zuwa 4 ba, ya iso daga Meziko da Amurka ta Tsakiya. Shi ruwan sukari ake rataya masa, awo 1 na sukari a awo 4 na ruwa, ba zuma, ba kala. Tururuwa ce ke fara samun labari.

Da ƙasa ta ɗumama, dawa da geron da tsuntsaye suka watsar duk kakar sai su tsiro a ƙarƙashin mazubi, kore shar, a tsakiyar ciyawar da ake yankewa duk mako. Maƙwabta sukan tuge nasu a matsayin ciyawar banza. Mutumin Maradi yakan zagaye wurin da injin yankan ciyawa, har ya ɗan rage masu cunkoso don sauran su yi ƙwari. A unguwannin da ke da ƙungiyar masu gidaje, takardar gargaɗi takan iso tun kafin dawar ta kai gwiwa.