Sannunku da aiki, masu tarko da keji

A jinjina wa gidajen ajiye dabbobi na Amurka da har yau suke riƙe da tsohuwar hanyarsu gam. Mage ce lafiyayya a bayan gidan abinci, tana kama ɓerayenta, ba ta roƙi kowa komai ba. Sai bayin Allah su ɗana mata tarko, su kai ta keji don su taimake ta. Tun da aka haife ta hannun mutum bai taɓa shafa bayanta ba, saboda haka sai ta maƙure a lungu, ta kwantar da kunnuwa, tana huci, ta ƙi abinci. Nan take gwanaye su rubuta cewa ba mai iya riƙon ta. Bayan 'yan kwanaki sai allurar mutuwa. Ina aka taɓa ganin tausayi irin wannan!

Ga iya lissafi kuma. Mage na iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, ta haihu bayan kimanin kwana 63. Jujin da ya ciyar da wadda aka kashe yana nan, wasu za su gaje shi. A Tasmaniya an gwada kashe maguna kaɗan kaɗan a daji, binciken da aka fitar a 2015 ya nuna ƙaruwa ma suka yi. Madalla da aikin da ba ya ƙarewa.

Su kuwa mutanen Jacksonville a jihar Fulorida, ban da neman ɓata wa mutane sana'a, me ya kai su? Tun 2008 suke kama mage, likita ya fiɗiye muzuru, ya cire wa macen mahaifa, a yi musu rigakafin ciwon haukan kare, a yanke ɗan bakin kunne ɗaya don shaida, a mayar da su inda aka kamo su. Likita Julie Levy ta bi sawun irin wannan aiki a harabar wata jami'a ta Fulorida, cikin shekara 11 magunan suka ragu da kashi 66 cikin ɗari. Italiya ma tun 1991 ta hana kashe lafiyayyun magunan titi.

Ku dai ci gaba da cika keji, masu gida. Amma ku sani magen nan da ƙafarta da lafiyarta kuka same ta, kuma hakkinta na wuyanku.