Shekarar da ruwan khal ya yi tsada a Guangzhou

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou saro yadi da wayoyi sun san kasuwannin birnin lungu-lungu. Kaɗan daga cikinsu ne suka ji abin da ya faru a can a farkon 2003.

Tun watan Nuwamban 2002 wata cuta ta ɓulla a Foshan, maƙwabciyar birnin: zazzaɓi, busasshen tari, sai numfashi ya gagara. Kafin Fabrairu ta shiga asibitocin Guangzhou, har likitoci da nas-nas suna kwanciya a gadajen da suke jinyar wasu. Hukuma ta yi gum, aka kuma ja wa jaridu kunne. A ganin manya rufin asiri ake yi, kada a tsorata jama'a, kada a kori baƙi.

Jama'a kuwa ba su jira sanarwa ba. Saƙon waya ya zaga gari cewa mura mai kisa ta shigo. Aka yi wa shaguna tsinke. Ruwan khal, wanda ake tafasawa a turara ɗaki da tururinsa, ya yi wuyar samu, wanda ya rage ya ninka kuɗi. Haka ma garin wata saiwa da suke kira banlangen. Sai ranar 11 ga Fabrairu hukumar lafiya ta lardin Guangdong ta fito ta ce mutum 305 suka kamu, 5 suka rasu, kuma an shawo kan lamarin. Kwana goma bayan haka wani likita daga Guangzhou ya sauka a otal ɗin Metropole na Hong Kong da cutar a ƙirjinsa. Daga hawa na tara na otal ɗin ta bi matafiya zuwa Hanoi da Singafo da Toronto. 

A cikin wannan ruɗani Dakta Zhong Nanshan, shugaban cibiyar cututtukan numfashi ta Guangzhou, ya ce a kawo masa waɗanda suka fi galabaita. Da masana a Beijing suka ɗora laifin kan wata ƙwayar bakteriya, ya ƙi yarda, don yana gani da idonsa maganinta ba ya yi wa majinyatansa komai. A watan Afrilu ya faɗa gaban 'yan jarida cewa ba a shawo kan komai ba. Ranar 20 ga watan aka sauke ministan lafiya Zhang Wenkang da magajin garin Beijing. Cutar, wadda aka raɗa wa suna SARS, ta tafi da rayuka 774 a duniya.

Da korona ta ɓarke a Wuhan, aka nemi bakin da jama'a za su gaskata, ba a same shi cikin masu cewa "babu komai" ba. Tsoho Zhong aka ɗauko, yana da shekara 83. Ranar 20 ga Janairun 2020 ya fito a talabijin ya ce cutar tana yaɗuwa tsakanin mutane, bayan kwana uku aka rufe Wuhan.