Masu Kai Wuƙa Maƙera a Madarunfa

Jajibirin Babbar Sallah ba a samun wurin tsugunawa a maƙerun Madarunfa. Kowa da wuƙarsa naɗe a tsumma, amma ba kowa ne ya fito da niyyar taɓa aljihu ba.

Akwai Malam A-nan-na-saya. Tun mulkin Seyni Kunce, wanda ya rasu a 1987, wuƙar take hannunsa. Ta sha dutse har ta koma kamar tsinke, shi kuwa a lissafinsa kuɗin da ya biya ran nan ya haɗa da washi har kan jikoki. Maƙeri na cewa dala ashirin sai ya ɗauki salati: "Haba ɗana, da mahaifinka fa muka yi ciniki!" Mahaifin ya riga mu gidan gaskiya, ba mai ƙaryatawa.

Sai mai "tunda wuta na ci". Da wuƙa ɗaya yake sallama. Ana gama ta sai lauje ya fito daga buhu, gatari ya biyo baya, ga kuma addar maƙwabci mai neman sabuwar ƙota. Bai taɓa tambayar kuɗin gawayi ba, balle ya dubi yaron da ke jan zuga-zugi yana zufa.

Wanda ya fi ba maƙera haushi shi ne ɗan gayun da ya ce wuƙar gida ƙauyanci ce, ya sayo 'yar kanti mai ƙotar roba a Jibiya. Rago ɗaya ta yanka ta lanƙwashe. Da ya kawo ta gyara aka yi ciniki da sefa, ya miƙo naira, da canjin da aka rabu da shi tun kafin faɗuwarta a 2023.

Buzu, abokin wasan maƙeri, da zagi yake biya, a mayar masa da canji nan take.

Mahauta da masuntan tabkin Madarunfa ba a jin kansu. Da kaifi suke cin abinci, saboda haka ko kuɗi ko tsoka ko kifi, maƙeri ba ya tashi hannu rabbana. Haka manoman da suke yi: gyara duk damina, damin gero da kaka. Yau damin ya yi wuyar gani, gyaran kyauta kuwa yana nan daram.

Goga wuƙar da maƙeri ya ƙera da hannunsa, wannan a bar shi a alheri. Duk abin da sai ya shiga wuta, mai shi ya biya.